Bolt Arba'in da Suka Ɓace a Hanya

Kai, ajiye min filayar nan kafin ka rage wa kanka yatsa. Ku matso inuwa. Tun ɗazu nake jin ku, wai aikin sola ba wani abu ba ne, ja da ja, baƙi da baƙi, an gama. Kun kalla a waya, wani mai farin haƙori ya haɗa yana murmushi, ko gumi bai yi ba. To ni Tanimu Shokin, wutar da ta ja ni a rayuwata da za a tara ta wuri guda, da ta haska Birnin Gwari kaf, a kai wa Kaduna ragowar. Wannan sanƙon da kuke yi wa dariya ba tsufa ba ne, tsorata gashin ya yi ya gudu.

Aikina na farko a hannun Oga Bitrus, ɗaukar tsani ne. Ɗan Gbagyi ne daga Saminaka, gajere, hannunsa kamar bayan kada. Na daɗe ina bin sa bai bar ni na taɓa ko testa ba. Ran nan muna shagon wani mai walda, ya kama yatsana ya ɗora a bayan wata waya, ya ce, "Me ka ji?"

Na ce, "Ɗumi, Oga."

Ya ce, "Ɗumin uban wa? Waya murhu ce? Wutar mutumin ce ke zubewa a hanya, ba ta kai inda aka aike ta ba."

A ƙasa ya zana min da ƙusa. Bolt shi ne turi, ƙarfin da ke ingiza wuta. Amfiya ita ce yawan wutar da ke wucewa. Om kuwa taurin kan hanya ne, irin ramukan hanyar Kaduna, masu sa mota ta iso rabi. Ka raba bolt da amfiya, ka sami om. Ka ninka bolt da amfiya, ka sami wat, wato ainihin aikin da wutar ke yi. Shi ke nan karatun. Amma duk ranar da na juya shi, na raba inda ake ninkawa, sai na ji bayan sukundireba a ƙeyata. Ku shafa nan, har yanzu akwai kwari, ruwa na taruwa in na kwanta a waje da damina.

Kayan aikin ba su da yawa. Filaya, sukundireba, salatif, testa, sai mita. Mitar nan tawa mai baki ce, kana buɗe shi ta ciji waya ta faɗa maka amfiya nawa ke gudu a ciki. Ni Mai Cizo nake ce mata. Testa kuwa munafuka ce, ta ga wuta kaɗan ta haska, ta ga da yawa ta haska, duk ɗaya a wajenta.

Kwastoma su ne jarrabawa. Akwai wani tela a bakin kasuwa da ya kira ni wai inbatarsa, mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, na da aljanu, da ya jona dutsen guga sai ta yi kuka ta mutu. Na duba gindin dutsen, wat dubu ɗaya da ɗari biyu. Batirinsa bolt goma sha biyu. Ku raba mana, ku masu waya. Amfiya ɗari! Wayar da ya haɗa batir da inbata kuwa ta tsohuwar fanka ce. Fis ya ƙone, sai bawan Allah ya cire ya sa ƙusa a gurbinsa, wai ƙusa ba ta ƙonewa. Na ce gaskiyarka Alhaji, ƙusa ba za ta ƙone ba, shagon ne zai ƙone a bar maka ƙusar ka rataya hula. Mutanenmu gani suke tunda bolt ɗin kaɗan ne, ba ya jan mutum, to kowace waya ta yi. Alhali inda bolt ya yi ƙasa, can amfiya ke yin toroƙo.

Amma duk wannan wasa ne. Aikin da nake so ku ji, a mummunar shekarar nan aka yi shi, lokacin da hanyar Kaduna ta zama sai da rakiya, wani lokacin ma ba rakiyar, aka kuma ɗauke sabis ɗin waya. Wutar layi kuwa ta riga ta mutu tuntuni, har yara sun ɗauka turakun lantarki don tsuntsaye aka kafa su. Ko salatif ya ƙare maka sai dai ka yanka tsohon tif ɗin babur ka naɗa.

Da bazara ne, wani mutum mai bindigar toka a kafaɗa ya faka babur a nan inda kuke zaune. Ɗanjuma sunansa, shugaban 'yan sa-kai na wani ƙauye ta wajen Damari. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Ya ce famfon burtsatsensu mai sola ya tsaya, rijiyoyin gida sun ƙafe, ruwan da ya rage sai na rafin bakin daji. Kowa ya san su wa ke shan ruwa a rafin nan. An taɓa ɗauke mata a wurin.

Na ce, "Kwamanda, hanyar fa?"

Ya ce, "Da ita na zo."

Na ce, "Kai da bindiga ka zo. Ni filaya gare ni."

Bai yi dariya ba. Na ɗauki jaka na hau bayansa. Tafiyar nan, duk kurmin da muka shiga sai ya kashe inji mu gangara shiru. Addu'ar da na yi a bayan babur ɗin nan, da a masallaci na yi ta da an naɗa ni na'ibi.

Mun isa da hantsi. Gindin tanki jarkoki ne jere kamar masu jiran zaɓe, ba ko ɗigo. Mata na zaune a inuwar tankin da yara a cinya. Wata dattijuwa doguwa ta miƙe, Mama Ladi, ita ce uwar matan garin, na coci da na masallaci duk ita suke saurara.

Ta ce, "Kai ne mai wutan?"

Na ce, "Ni ne, Mama. Ina kwana?"

Ta ce, "Kwana ba ruwa. Ka ji ni da kyau, ɗana. In aka idar da azahar famfon nan bai kawo ba, za mu rafi. Dole mu je mu dawo da sauran rana. Yara ba za su sake kwana haka ba."

Ɗanjuma ya ce, "Ba inda za ku."

Ta ce, "To ka matse bindigarka ta ba mu ruwa."

Na ɗaga kai in duba farantan sola, sai na ga ƙarafuna tsirara. Na ce ina farantan? Mai'unguwa, wani tsoho mai sanyin murya, ya ce ai sun kwashe su sun kai cikin gidansa, tsakiyar gari. Mutanen daji sun zo sun ɓalle ɗaya, kuma ƙyallinsu ana hango shi daga kan dutse. Shi ne suka ɓoye sauran a bayan katanga, suka jawo waya ta ƙarƙashin ƙasa har gindin tanki. Nisan zai yi tsawon filin ƙwallo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wace waya?"

Ya ce, "Mai kyau ce. Ta lasifikar bikin ɗana ce, ga tsawo."

Wayar lasifika! Siririya mai tagwayen jijiya, irin wadda ko waƙa ta yi ƙarfi sai ta yi tari. Kuma kada ku yi musu dariya, dabarar ɓoye farantan daidai ce. Wanda bai kwana a garin ba ba shi da bakin cewa komai.

Shi famfon, injinsa na can ƙasan rijiya, sumo muke ce masa. A sama akwai akwatin da ke karɓar wutar farantai ya ba shi daidai cikinsa. Ina tsaye sai na ji akwatin ya yi ƙyas, sumo ya yi gurnani can ƙasa, ya mutu. Jim kaɗan ya sake. Haka yake yi tun da aka kai farantan gida, da farko ruwa na zuwa kamar fitsarin akuya, daga baya ya ɗauke.

Ɗanjuma ya zaro testa daga aljihu, ya dangwala, ta haska. Ya ce, "Ka gani? Wuta na zuwa. Akwatin nan ne ke cinye ta. Cire shi ka haɗa kai tsaye."

Na ce, "Kwamanda, akwatin nan shi ne mai gadin sumo. Bolt ya gaza casa'in, sai ya yanke don kada injin ya gasu. Na cire shi, yau za ku binne sumo. Akwai wani sumon a garin nan?"

"Babu."

"A Birnin Gwari ma babu. Sai Kaduna. Ka ga mai zuwa Kaduna?"

Ya ce, "Mun ɗauko ka ka yi aiki ne, ba wa'azi ba. In ba za ka cire ba ni zan cire." Ya miƙa hannu wajen jakata.

Na taka jakar. Ban san inda na samo wannan ƙarfin halin ba, mutum da bindiga, ni da sanƙo. Na ce, "Ba ni dama in auna. In na auna akwatin ne, da haƙorina zan cire maka shi."

Mai'unguwa ya ce, "Ɗanjuma, bar shi."

Ku saurara nan, don nan aikin yake. Waya in ba kaya a kanta, lafiyayya ce, wuta ta cika ta daga farko har ƙarshe, shi ya sa testa ta haska. Sai injin ya ja sannan za ka san halinta. Na sa mita a bakin akwati na jira ƙyas. Sumo na ja, bolt ya faɗo tamanin. Na sa Mai Cizo ta ciji wayar, da sumo ya sake ja ta ce amfiya takwas. Na kwasa da gudu zuwa gidan Mai'unguwa, na ce Ɗanjuma ya ƙwala min kira in ya ji ƙyas. Ya ƙwala. A gindin farantai, bolt ɗari da ashirin.

An turo ɗari da ashirin, tamanin suka iso. Arba'in sun ɓace a hanya. Na durƙusa na zana a ƙasa, maza sun kewaye ni. Arba'in a raba da takwas, om biyar, taurin kan wayar ke nan. Arba'in sau takwas, wat ɗari uku da ashirin. Farantai na bayar da ɗari tara da sittin, kashi ɗaya cikin uku tururuwa ake dafa wa a ƙarƙashin ƙasa. Na ce a tona min inda aka yi haɗi. Aka tona. An murɗe jijiyoyin da hannu an naɗe da ledar burodi, ledar ta narke ta zama kamar alewa. Ɗanjuma ya taɓa, ya janye yatsa.

Ya ce, "To sai yaya?"

Na ce, "Ko a mayar da farantai gindin tanki."

"Ba za a mayar ba. Ranar da suka hango su, ranar za su shigo."

"Ko a samo waya mai kauri."

"A ina?"

Na leƙa jakata. Wayar da ke ciki ba ta fi a ɗaure akuya ba. Inuwa ta fara shigewa ƙarƙashin ƙafa. Na ga ladan ya wuce da buta, ya tuna ba ruwa, ya ajiye ta ya nufi inda zai yi taimama. Can gindin tanki mata sun fara naɗa gammo.

Na bi ramin wayar ina tafe ina lissafi, na yanke ta wani tsakar gida, sai wani abu ya shaƙe ni a wuya, hulata ta yi sama. Na ɗauka an harbe ni, har na fara kalmar shahada. Ashe igiyar shanya ce. Na kama ta zan zage ta, sai na ji nauyi. Baƙa, mai kaurin ɗan yatsa. Na kankare da filaya, alminiyon fari tas. Wayar da ake jawowa daga turke zuwa gida ce! Lokacin da aka kawo musu wutar layi kowane mai gida shi ya sayi tasa, da wuta ta mutu suka kwance abinsu, mata suka ɗaura suna shanya. Da akwai ruwa a garin da zannuwa sun rufe ta, da ban gan ta ba.

Na koma gindin tanki a guje. Na ce, "Mama, gida nawa ke da irin igiyar nan?"

Ta ce, "Kusan kowa. Wanki za ka yi mana?"

Na ce, "A kwanto min su duka. Yanzu."

Ta kalle ni, ta kalli rana. Ta juya ta yi magana da Gbagyi, ta maimaita da Hausa, mata suka ajiye gammo suka watse. Kafin in gama sa maza su rufe farantan da tabarmi, don wutar sola in ka raba ta tana gudu walƙiya take yi ta ƙona ka, sai ga igiyoyi ana ja a ƙasa kamar an kashe macizai. Wata tsohuwa ta kawo tata da akuya a ɗaure a jiki, ta ce a yi haƙuri ƙullin ya gagare ta.

Muka shimfiɗa su baki da baki. Suka kai daga gida zuwa tanki, saura kaɗan, muka cike da tawa. Amma wuta ƙafa biyu gare ta, zuwa da dawowa. Igiyar ƙafa ɗaya ta yi.

Aka kira azahar.

Ɗanjuma ya ce, "Ta gaza ko?"

Na ce, "Tsaya." Na sake durƙusawa. Wayar lasifika jijiya biyu ce, om biyar ɗin nan kowace na da biyu da rabi. In na haɗe su suka zama hanya guda, wuta ta rabu biyu ta bi, taurin ya koma ɗaya da kwata. Ita kuwa igiyar shanya, da kaurinta da duk ƙulle-ƙullenta, in na kankare su da kyau ba za ta wuce kwata ba. Ɗaya da rabi ke nan. Sau takwas, bolt goma sha biyu ne za su ɓace. Ɗari da takwas za su iso. Akwati casa'in yake nema.

Na ce, "Za ta yi. In hannuna bai yi ƙarya ba."

Haɗin alminiyon ba a yi masa gaggawa, ga shi gaggawa ake. Sai ka kankare shi ya yi ƙyalli, ka murɗe da filaya har ka ji wuyan hannunka na ƙara, ka naɗe da roba. Haɗi ɗaya ya yi sako-sako, duk lissafin ya tashi a banza. Maza suka shiga salla suka fito ina kan gwiwa, ni da wasu 'yan coci biyu da ke yanka min tif. Gumi na shiga idona. Na ɗaga kai na ga mata sun ɗora jarkoki a ka sun yi layi a bakin hanyar rafi. Ɗanjuma ya tsaya a gabansu ya ware hannu.

Na ƙwala, "Mama! Haɗi biyu suka rage!"

Ta ce, "An idar, ɗana. Na faɗa maka."

"Na ji. Ki ba ni biyun nan."

Ta kalli hanyar rafi. Amma ta sauke jarkarta ta zauna a kai, a tsakiyar hanya, sauran suka tsaya.

Na gama na ƙarshe yatsuna na jini. Na ce a karkata farantan su kalli rana, a yaye tabarmi. Na sa mita a bakin akwati. Garin ya yi tsit, har kukan akuyar nan ake ji daga nesa. Ƙyas. Sumo ya yi gurnani. Na zuba wa lambar ido ina jiran ta faɗo tamanin. Ta sauko, ta sauko, ta tsaya a ɗari da takwas. Gurnanin bai yanke ba. Na ɗora kunne a jikin bututu, na ji abu na hawowa yana tari. Na buɗe famfon gwaji na ƙasa, ya tofa iska, ya tofa jan laka a wandona, sannan ruwa ya ɓalle.

Guɗar da matan nan suka yi, na rantse ta kai Damari. Jarkoki suka dawo a guje. Ni kuwa ina ta auna, goma sha biyu sau takwas, wat casa'in da shida kacal ke zubewa yanzu, ina neman wanda zan faɗa wa, ba mai saurarona.

Sai na ga Mama Ladi ba ta zo famfo ba. Tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ina Saratu?" Surukarta ke nan, mai goyo. "Ina Hansai?" Wata ta ce tun ana salla suka zame ta bayan gari da jarkoki, sun ce ba za su iya jira ba.

Ɗanjuma ya juya. Ya sauke bindiga daga kafaɗa, shi da mutum biyu suka bi hanyar rafi da gudu. Guɗa ta mutu. Ruwa na zuba a jarka har ya cika yana malala, ba wadda ta janye. Mama Ladi na tsaye a bakin hanya, hannu a ka.

Can sai ga kawuna biyu sun ɓullo ta gindin ɗorawar gonar ƙarshe, jarkoki wayam suna karo da juna. Saratu ce da Hansai, suna haki. Sun kusa gangara rafi suka ji guɗa daga gari, suka ce wannan ta ruwa ce, suka juyo.

Ɗanjuma ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo ya ja ni da Mai'unguwa gefe, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "A hana su guɗar nan. Mutanen daji na bakin rafin, babura suke wankewa."

Mai'unguwa ya ce, "Su nawa?"

"Ban tsaya ƙirgawa ba."

Matan ba su ji ba. Saratu ta kutsa ta tura jarkarta ƙarƙashin famfo. Mama Ladi ta zo ta kwance jaririn daga bayanta ta rungume, ta sa ƙafa ta ture jarkar gefe.

Ta ce, "Mai gaggawa. Koma bayan layi."